Cocinmu a Tsakiyar Titin Kasuwa

A shekarar 1868 masana'antar gatari ta sayi filin cocinmu. Dama ƙarar gudumominta ta daɗe tana hana mu jin addu'ar ranar Laraba. Dattawa suka ce ba za a rushe ginin ba, tunda na katako ne a ɗaga shi ɗungurungum a kai shi kan tudu.

Babana, Eben Lathrop, kafinta ne, shi ya gina cocin shekara talatin kafin nan. Tun ranar da aka ɗora ginin kan gumaguman itace aka ɗaura masa shanu goma sha shida, Baba bai ƙara zama wuri ɗaya ba.

Kwana huɗu ana ja. A na biyar aka tsuge da ruwa, gumaguman suka nutse a laka, coci ya tsaya cak a tsakiyar titin kasuwa. Maƙwabciyata, matar Pruitt, 'yar cocin Baftis ce, masu yin baftisma ta hanyar nitsar da mutum a ruwa, har gida ta biyo ni.

"Lavinia, ku da ba ku yarda da nitso a ruwa ba, ga cocinku ya riga ku."

Ban iya dariya ba. Baba ne a raina. Ya je titi ya leƙa ƙarƙashin ginin, ya koma tsohon filin inda kabarin Inna yake, ya tsaya yana kallon masu haƙa harsashin masana'antar dab da shingen maƙabarta, ya sake dawowa. A tsaye yake cin burodi.

"Baba, ku zauna mana ku huta."

"In zauna a ina?" ya ce, ya ɗauki hularsa.

Ranar Asabar da aka tashi daga aiki, mijina Orrin ya zo da abokan aikinsa na masana'antar, wajen mutum arba'in, da sandunan ƙarfe. Rabinsu ba 'yan cocinmu ba ne. Suka ɗaga ginin kusurwa-kusurwa, Baba na zagaye su yana faɗin inda za a tallafa, har shanu suka motsa. A kwana na goma sha biyu aka isa tudu.

Ginin ya ɗan karkace, ƙofar ta ƙi rufuwa. Baba ya fere ta, ya sake ferewa. Sau biyu kawai ya shiga sujada a can. Da ƙanƙara ta narke ya haɗa kayan aikinsa ya tafi jihar Iowa wurin yayana. Na raka shi tashar jirgin ƙasa, bai yarda ya zauna a benci ba har jirgin ya iso.