Gadar da Ta Ƙi Karyewa

Duk ranar Asabar Malamar kimiyya takan kwashi yaran ajinta ta kai su bayan shagon yayanta, wanda kafinta ne, su gina gada. Ba gadar mota ba, 'yar gada ce mai tsawon kamu biyu, ta siraran katakon da Kafinta yake zubarwa, da gam, da zare. In gam ya bushe sai a ɗora ta tsakanin benci biyu, a rataya mata bokiti a tsakiya, a riƙa zuba yashi kofi-kofi har ta karye. Mai gada zai tsuguna ya nemo inda ta fara tsagewa, ya faɗi dalili da bakinsa, ya koma ya sake wata. Iyaye sun yi ta ƙorafin ɓarnar katako, Malama kuwa ko a jikinta.

Cikin yaran akwai 'yar Kafinta, shekararta goma, ana ce mata Guduma, don tun tana rarrafe ita ce abin wasanta. Sau huɗu gadarta tana karyewa, kullum a kofi na tara ko na goma. A na huɗun ta yi kuka har da majina. Da ta share fuska sai ta zauna tana murɗa guntayen, har ta lura cewa in ta gitta katako ɗaya ya yi kusurwa uku, abin ba ya ƙara langaɓewa. Ba wanda ya gaya mata. Malama tana tsaye tana kallo, ta cije leɓe don kada bakinta ya riga yarinyar.

Gada ta biyar aka tanadar wa ranar da iyaye za su zo kallo. Malama ba ta damu da wa zai zo na ɗaya ba. Burinta ɗaya ne, yarinyar nan ta ga da idonta nauyin da tunaninta zai iya ɗauka. Aka jera gadojin a shago su kwana uku su bushe.

"Yaya, don Allah kada ka taɓa su," in ji Malama. "Na san hannunka da ƙaiƙayi."

"Ni da kujeru shida suke jirana? Sha kuruminki."

Ranar kallo gadoji suka yi ta fashewa, yara na ihu, iyaye na dariya. Aka zo kan ta Guduma. Kofi goma, ko gezau. Sha biyar, ashirin. Malama ta ji hawaye na neman zubo mata don daɗi. A ashirin da biyar ta daina tafi, domin ta san katakon nan, ta san iyakarsa. Bokiti ya cika, yashi ya ƙare, gada tana nan tsaye. Aka kaure da tafi, Kafinta ya ɗaga 'yarsa sama yana washe haƙora.

Da mutane suka watse shan ruwa, Malama ta juya gadar ta bi ƙasanta da farce. Wani siririn layi ne daga wannan baki zuwa wancan, an cike shi da garin katako da gam, an goge da sanfefa har ya saje. Tun tana ƙarama take ganin yayanta yana rufe tsagar katako haka. Ta ajiye gadar ta shiga shago, ta tarar da shi yana karkaɗe teburin aikinsa.

"Me ka sa a ciki?"

Bai ko yi musu ba. "Siririn ƙarfe ne guda, na ƙafar keke. Ke, sau huɗu ina kallon gadar 'yata tana karyewa, har ta yi kuka. Ki ce in bari a yi na biyar a gaban jama'a? A ce 'yar kafinta ce aikinta ya wargaje? Ni ban taɓa barin abu mara ƙarfi ya fita daga shagon nan ba."

"Ba aikinka ba ne, Yaya! Na roƙe ka, ka ce in sha kurumina. Wallahi ka ci amanata." Abin da ya fi ƙona mata rai, ita ma ta yi tafi, da zuciya ɗaya, har zuwa kofi na ashirin.

"To, aikin gama ya gama. Kada dai ki gaya mata."

Kafin ta amsa suka ji ƙarar katako a bayan shago. Suka fita da sauri. Ashe Guduma ce ta mayar da gadar kan benci, tunda yashi ya kasa, ta hau tsakiyarta da ƙafa biyu don ta ga inda za ta karye. Katakon ya dare gida biyu, amma gadar ba ta rabu ba, tana reto a jikin wani abu mai ƙyalli. Yarinyar ta zare shi ta ɗaga.

"Gwaggo, ni ban sa wannan ba."

Kafinta ya sunkuyar da kai, ya shiga goge hannunsa a riga alhali ba komai a hannun. Guduma ta dubi gwaggonta, ta dubi ubanta, ta daɗe tana dubansa.

"Gwaggo, da babu shi, kofi nawa za ta ɗauka?"

Malama ta so ta yi mata ƙarya, ta ce ashirin, ta ce talatin. Amma an riga an rarake katakon, kuma ba mai iya mayar da shi yadda yarinyar ta bar shi.

"Ban sani ba, 'yata. Yanzu ba wanda zai sani."

Yarinyar ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi musu sauƙi. Ta taka a hankali ta miƙa wa ubanta ƙarfen, sai da ya buɗe hannu ya karɓa.

"Baba, ashe kai ba ka yarda za ta tsaya ba."