Barliyen Ƙarshe a Garejin Alhassan

Motar Mani ta karye da hantsi, tsakanin Sukukutane da kwalta, da buhun albasa ɗari da tamanin a bayanta. Ko buhu ɗaya ba nasa ba ne. Na manoman garinsu ne, noman rani guda, suka ba shi amana ya kai musu Dogon Dutsi. Ga hadari yana haɗuwa a gabas kwana biyu ke nan, tantinsa kuma duk huji. Albasa in ruwa ya same ta a buhu, tata ta ƙare.

Ya bar wansa Sha'ibu gadi, ya naɗe karyayyen ƙarfen a tsumma, ya hau kabu-kabu sai Kore Mairuwa.

A can Alhassan yake, dattijon da ya sayar masa da motar shekara goma sha tara da suka wuce. Alhassan ba ya sayar da komai sai babbar motar kaya ƙirar Barliye. An daɗe da daina ƙera ta, dillalai duk sun koma wa motocin zamani, shi ya ƙi. Cewa yake yi yashin Arewa bai sake ba, don mi zai sake mota. Garejinsa fili ne mai katangar laka, cike da matattun Barliye, kowacce an yagi wani abu a jikinta. Da su yake ciyar da duk motar da ya taɓa sayarwa. Ƙa'idarsa ɗaya ce, kuma kowa ya san ta: motar da ta fita daga hannunsa ba ta kwana uku a daji don rashin ƙarfe.

Mani ya durƙusa ya gaishe shi, ya warware tsumman. Sandar ƙarfen da ke juya ƙafar baya ce, ta rabu biyu. Alhassan ya shafa bakin karayar da babban yatsa.

"Buhu nawa ka ɗora mata?"

"Ɗari da hamsin, Baba."

"Mani, ni kake wa ƙarya ko ƙarfen?"

"Da tamanin."

"Ta kafe a yashi, ka yi ta taka mata wuta kamar jakin aro. Wagga ba karaya ba ce, murɗe ta ka yi."

Mani ya sunkuyar da kai, don haka aka yi.

Suka bi matattun motocin ɗaya bayan ɗaya, tsohon yana leƙa ƙarƙashi da gwiwoyinsa masu ciwo. Goma sha huɗu ne, babu wadda aka bar wa sandar. Ta ƙarshe wani mutumin Tibiri ya ɗauka bara. Mani ya soma tunanin fuskar Kaltume, gwauruwar da ta zuba buhu tara a motar, ta ce da su za ta rufe ɗakinta kafin damina.

Saura mota ɗaya, a ƙarƙashin rumfa. Wannan lafiyayya ce. Shekara biyu Alhassan ya yi yana harhaɗa ta, ya shafe ta da koren fenti, kuma ita ce ta ƙarshe da zai iya tayarwa. Mai sayenta ma yana wurin, wani matashin ɗan kasuwa Abdurrahman, ya zo da direbansa za su tafi da ita a ranar.

Alhassan ya tsaya yana kallonta. Can ya ce wa Mani, "Ɗauko jak mu ɗaga ta."

Abdurrahman ya taso daga benci. "Alhaji, mi za a yi wa motata?"

"Ba ta zama taka ba tukuna, ɗana. Ba mu sa hannu a takarda ba."

"To mu sa yanzu. Shi wanga ya jira a nemo masa a Nijeriya."

"Babu ta a Nijeriya. Da akwai, da na sani."

"Kenan za ka kashe mai rai don ka tashi tsohuwa? Alhaji, wannan ba kasuwanci ba ne."

"Da na sayar maka da ita, ta karye maka a daji, haka za ka so in yi. Shi ya riga ka saye da shekara goma sha tara."

Abdurrahman ya ce a cire ɗin, shi zai ɗauki motar haka nan, ya nemi sandar da kansa. Alhassan ya ce bai taɓa sayar da gurguwar mota ba, ba kuwa zai fara da furfura ba. Matashin ya kaɗa kai, ya kira direbansa suka fita.

Tsohon da kansa ya kwance ƙusoshin. Bai bar Mani ya taɓa ba. Da sandar ta fito, ya goge ta, ya naɗe ta a buhu, ya miƙa masa.

Mani ya buɗe baki zai yi godiya, Alhassan ya tare shi.

"Ka sauke buhu talatin kafin ka tayar. Ka yi sawu biyu. In ka murɗe wagga, babu wata a duniyar da na sani."

Kafin la'asar Mani ya isa wurin motar. Shi da Sha'ibu suka ɗaura sandar, suka sauke buhu talatin suka lulluɓe su da tantin ninki biyu. Barliye ta yi gurnani, ta fita daga yashin a hankali. Suna gama jibge kayan a rumfar dillali a Dogon Dutsi aka soma yayyafi.

Washegari ya koma ya kwaso talatin ɗin. Huɗu sun jiƙe. Ya duba sunayen da ke jikinsu, na wansa ne biyu, biyu na limamin gari. Ya tafi gidan liman ya faɗa masa da bakinsa.