Sauƙin Da Ummusalma Ta Samu

Da hannunsa Malam Mannir ya zare memorin daga cikin wayar, ya jefa shi a kurfotin da aka ɗora ruwan tuwo. Abin bai fi farcen yatsa ba. Ya lanƙwashe, ya yi ɗan hayaƙi mai warin roba, shi ke nan. Bara'atu tana tsaye a bakin madafa da muciya a hannu, tana kallon mahaifinta. Duk waƙoƙin yayarta Ummusalma suna cikin abin nan, waɗanda ta tara tun tana ƙaramar sakandare.

Gwaggo Delu, yayar mahaifin nasu, ta gyara zama a kan tabarma ta ce yanzu aka yi maganin abin. Ita ce ta shiga ɗaki da hantsi ta tarar da Ummusalma a ƙasa, jiki na karkarwa, gumi ya jiƙa rigarta, haƙora na haɗuwa, ga iyafis toshe a kunnuwanta kiɗa na tashi. Ba ta tambayi kowa ba ta yanke cewa mutanen ɓoye ne, kuma ta kunne suka shiga.

"Dama su kiɗa suke bi," in ji ta. "Yarinya kullum kunne a toshe, mi kuke jira?"

Bara'atu ta san ba haka ba ne. Ta buɗe baki, ta ga idon mahaifinta, ta mayar da kanta ga tukunya.

*

Tun Bara'atu tana ƙarama suke raba iyafis ɗin, kunne ɗaya nata, ɗaya na Yaya. Haka suke wanki, haka suke tsintar shinkafa, kai a jingine da kai don kada igiyar ta zare. Ummusalma tana da waƙar kowane hali. Akwai ta ranar da Baba ya yi faɗa, akwai ta tafiya Islamiyya cikin rana, akwai wata mai sanyin sarewa da suka yi ta maimaitawa makon da kakarsu ta rasu.

Da Ummusalma ta gama sakandare ba ta samu gurbin ƙaro karatu ba. Shekara ta zagayo, wata ta bi ta, tana zaune a gidansu na Ƙofar Sauri. A wajen wani biki ƙawaye suka miƙa mata robar lemo da aka zuba wa maganin tari mai kodin. Daga nan ta koyi hanyar wani kemis da ba a tambayar takardar likita. Bara'atu ce kaɗai ta san inda kwalaben suke, a bayan akwatin kayan sanyi.

Ummusalma da kanta ta ce za ta daina. Ta gaya wa ƙanwarta cewa idan jikin ya fara nema, sai ta ƙure ƙarar waƙa har ta daina jin kanta, ta ƙanƙame filo, ta jira abin ya wuce. Ta yi kwanaki a haka ba ta taɓa kwalba ba. Tana cikin wannan kokawar Gwaggo ta shigo ta same ta.

*

Aka kira Malam Muhyiddeen, limamin masallacin unguwa, ya yi mata ruƙiyya. Ya yi karatunsa a natse, ya daɗe yana duban idanun yarinyar da yadda take murza gwiwoyinta. Da zai fita ya tsaya a zaure ya shaida wa Malam Mannir cewa addu'a ba ta hana magani, su haɗa da asibiti. Gwaggo ta ji daga tsakar gida. Ta ce asibitin da ake kai irin wannan na masu taɓin hankali ne, kuma ba a taɓa kai ɗiyar gidan nan can ba, ba kuwa za a fara a kan idonta ba. Malam Mannir ya ɗauki hularsa ya tafi ofis.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi tsanani. Ummusalma tana amai, tana kuka, tana buga ƙafa a bango har maƙwabta suna ji. Wata la'asar Bara'atu ta rufe ƙofa ta zauna kusa da kanta, ta fara rera mata waƙar sarewar nan ƙasa-ƙasa. Ba ta taɓa waƙa a gaban kowa ba, kuma rabin baitocin sun ɓace mata. Duk da haka Ummusalma ta kama hannunta ta riƙe gam.

"Ci gaba, Bara. Ko ba daidai ba."

Ba ta kai ƙarshe ba Gwaggo ta turo ƙofa. Ta kama kunnen Bara'atu ta fito da ita, tana tambayar ko so take mutanen ɓoyen su dawo su haɗa da ita. Daga ranar aka mayar da shimfiɗarta ɗakin Inna, mahaifiyarsu.

Sai kuma abin ya lafa. Ummusalma ta daina ihu, ta daina karkarwa. Tana fitowa ta zauna a inuwar darbejiya, ido a lumshe, magana a jaye, ta amsa gaisuwa ta koma ta kwanta. Mata suka riƙa shigowa barka. Gwaggo tana ba su labarin yadda ta gano abin tun ranar farko.

Bara'atu ta san wannan shirun. Da ta shiga share ɗakin ta ja akwatin kayan sanyi, ta ga sabuwar kwalba, saura rabi.

*

Ta yini da maganar a bakinta. Sai da yamma, Gwaggo ta tafi gidanta, Baba yana masallaci, ta samu Inna ita kaɗai tana gyaran zogale. Ta durƙusa a gefenta, ta faɗa mata komai tana kallon ƙasa: bikin, kemis ɗin, kwalaben, da yadda Yaya take ƙoƙarin bari da waƙoƙin da aka ƙona. Ta ce ba aljanu ba ne. Ta ce a kai ta asibiti kamar yadda Malam ya faɗa.

Inna ba ta ɗago ba. Hannunta bai daina tsige ganyen ba.

"Kin gama?"

"Na gama, Inna."

"Wa kike tsammani ya ajiye mata sabuwar kwalbar da kika gani?"

Bara'atu ta dubi mahaifiyarta. Ba ta ji komai ba, kamar an ce mata gishiri ya ƙare.

Inna ta ci gaba da magana a hankali, ba ta ambaci sunan 'yar farinta ba, kamar yadda ba ta taɓa ambata ba. Ta ce ta sani tun bara, tun da ta fara tsintar murafen kwalba a shara. Ta ce ba za ta iya ƙara jin wannan ihun ba. Ta ce yarinyar da aljanu suka taɓa ana yi mata addu'a, ana tausaya wa iyayenta, in ta warke a manta. Wadda aka ce tana shaye-shaye kuwa, har jikokinta sai an nuna su da baki.

"Ke ma a gidan nan kike. Kina jin akwai wanda zai ƙara yin sallama a zauren nan in maganar ta fita?"

"Inna, za ta mutu."

"Allah ne mai rayawa." Ta kakkaɓe zaninta. "Babanku ya fara tambayar ina nake zuwa. Tunda kin sani, gobe ke za ki."

*

Washegari bayan ta wanke kwanuka, Bara'atu ta sa dogon hijabinta ta fita. Ta bi ta lungu don kada ta haɗu da 'yan ajinsu na Islamiyya. Mai kemis ɗin bai tambaye ta komai ba. Ya dubi fuskarta, ya ce a gaida yayarta, ya miƙo mata abin a baƙar leda.

Ta tarar da Ummusalma zaune a bakin katifa, ta haɗa kai da gwiwa, jikin ya fara nema. Ta ɗago ta dubi ledar, sannan ta dubi mai riƙe da ita.

"Ke aka aiko?"

Bara'atu ta gyaɗa kai.

Ummusalma ta daɗe ba ta miƙo hannu ba. Daga baya ta karɓa, ta juya wa ƙanwarta baya kafin ta buɗe murfin. Bara'atu ta zauna a ƙasa ta jingina da bango, ta jira har numfashin yayarta ya yi nauyi. A tsakar gida Gwaggo ta iso da wata baƙuwa, tana ce mata ta saurara ta ji yadda gidan ya yi tsit.