Mutum Tara a Layin Ishiyaku

Duk wanda ya taɓa zaman minti goma da Malam Ishiyaku ya san labarin manomin gyaɗar nan da ya mulki Amurka. Ba sai ka tambaya ba. Ka ce masa rana ta yi zafi, zai kawo maka shi. Ka ce taki ya yi wuya, nan ma ta can zai biyo. Matarsa Bara'atu ta ce ita kam ta haddace labarin tun kafin ta yaye 'yarta ta biyu, ko daga barci aka tashe ta za ta ba da shi ba gargada.

Laifin duk na Ramalan ne, abokinsa tun na kiwon awaki. A shekarar saba'in da bakwai gwamnati ta kwashi samari ta tura su Amurka koyon aikin hannu, Allah ya sa da Ramalan a ciki, ya je koyon gyaran tarakta. Ranar da ya dawo Rano sai da uwarsa ta dube shi sau biyu. Suma ce tuli a ka kamar ya ɗauko kwando, wando ya matse cinya ya buɗe a ƙasa yana share turɓaya, takalmi kuma mai tudun da zai sa gajere ya leƙa katanga. Ya zo da jaka guda ta kaset ɗin disko. Da la'asar samari su cika ƙofar garejinsa, ya kunna, ya yi ta ba su labarin gidajen rawar da ake rataya ƙwallon madubi yana juyawa, baƙar fata da farar fata a fili ɗaya ba mai hararar wani. Da labarin ɗan damben nan Musulmi wanda yake yi wa kansa kirari kafin ya shiga fage, sai ka rantse a wajen 'yan damben Kano ya koya.

Ishiyaku yana son kiɗan, ba zai ɓoye ba, har yakan kaɗa kai idan ba dattijo a kusa. Amma abin da ya tsaya masa a zuciya hoto ne a cikin wata mujalla da Ramalan ya naɗo takalmi da ita: wani bature da rigar aiki, tsaye a tsakiyar kunya, ya riƙo gyaɗa da saiwarta. Ramalan ya ce ai wannan shi ne shugaban ƙasar. Ishiyaku ya ce ƙarya yake. A lokacin cuta ta kwantar da gyaɗa a ƙasar Kano, manomi ya zama abin tausayi, har ubansa ya daina ɗaga kai a kasuwa. Ga shi an ce a ƙasar da ta je wata, mai tonon gyaɗa aka ɗora a kan kowa. Ramalan ya ƙara masa da cewa ranar da aka rantsar da mutumin, fita ya yi daga mota ya taka da ƙafa har fadar gwamnati, shi da matarsa da 'yar ƙaramar 'yarsu, cikin sanyin da ke tsaga leɓe. Ya kuma yi wa mutanensa alkawari tun yana neman ƙuri'a cewa ba zai taɓa yi musu ƙarya ba. Ishiyaku ya yanke hoton, ya sa a leda, ya liƙa a bangon zaurensa.

Shekara ta bi shekara. Da aka ƙaddamar da Shari'a, kaset ɗin suka koma ƙasan akwati, sumar Ramalan ta zube da kanta, gemu ya fito, wandon da a da yake share ƙasa ya ɗage sama da idon sawu. Sai dai ƙafar ba ta tuba ba, in injin niƙa ya tashi za ka ga tana bin kiɗansa a ɓoye. Shi kuwa Ishiyaku, da aka dawo mulkin farar hula, mutanen mazaɓarsu da ke bakin iyakar Rano da Kibiya suka tsayar da shi kansila. Ya kuwa yi abin da kowa ya zata. Ranar rantsuwa ya taka da ƙafa tun daga ƙauye har sakatariya, ya isa da ƙura har gwiwa, ana ta dariya. Taki in ya zo, layi yake sa a yi, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya ma layin ya bi, wata uku ba ya gaishe shi. An yi ta yi masa tsiya, an sa masa suna Shugaban Amurka, amma a ƙauyen nan kaf ba wanda zai ce ya taɓa kama shi da ƙarya.

Babban aikinsa shi ne burtali, hanyar da shanu ke bi daga rugar Arɗo Adamu zuwa mashaya. Manoma sun yi ta cinta kunya-kunya har ta koma kamar hanyar keke, kowace damina sai an yi ɓarna, sai an fasa kai. Ishiyaku ya bi gona-gona yana lallashi, ya sa aka kafa turaku, shekara biyu ba a zub da jinin kowa ba. Abin da ya rage shi ne a kafa duwatsun siminti kafin ruwa ya sauka, don turaku gara na ci, mutum ma na tugewa.

Ana cikin haka lokacin sabon zaɓe ya zo, wani saurayi Jabiru, mai sayar da maganin feshi, ya fito neman kujerar a jam'iyya ɗaya da shi. Jabiru ba mugu ba ne, yaro ne mai fara'a da gaishe da manya, amma ya faɗa wa masu gonakin bakin burtali abin da suke son ji, cewa ƙasar kakanninsu ce, in ya hau kowa ya koma inda garmarsa take tsayawa a da. Kowa ya san in Ishiyaku ya faɗi, burtalin ya tafi.

Jam'iyya ta ce zaɓen fid da gwani ƙato bayan ƙato za a yi, wato ɗan takara ya tsaya, masu sonsa su jeru a bayansa, a ƙirga kawuna. Aka taru da hantsi a filin makarantar firamare. Ishiyaku ya tsaya a gindin darbejiya, Jabiru ya tsaya wajen tuta, layi biyu suka miƙe har bayan ajujuwa, maza a gaba mata a baya. Ramalan ne wakilin Ishiyaku, yana ta kai-komo da 'yar takarda, yana gyara layi, yana zare wa masu raba ƙafa ido.

Jami'in da aka turo daga Rano, wani Malam Sagiru, ya bi layi yana taɓa kafaɗar maza, yana nuna mata da biro. Ya ƙirga sau biyu. Ishiyaku ɗari biyu da goma sha biyu, Jabiru ɗari biyu da tara. Mata suka fara guɗa.

Sai wakilin Jabiru ya ɗaga hannu, ya ce bai yarda da mutum tara da ke can wutsiyar layin maza ba. Ishiyaku ya waiwaya, sai a lokacin ya gan su. Arɗo Adamu ne da 'ya'yansa da ƙannensa, sun sha sababbin riguna, an ɗaura rawani, sanduna an jingine su a jikin katanga don kada a ce da faɗa suka zo. Arɗo ya ɗaga masa hannu yana murmushi. Nan take Ishiyaku ya gane gayyato su aka yi. Ya dubi Ramalan, Ramalan ya kau da kai yana nazarin takardarsa kamar yau ya fara ganin boko.

Gardama ta kaure. Wasu suka ce ai Fulanin nan a kasuwar nan suke sayar da nono, a masallacin nan suke Juma'a, wa zai ce ba 'yan gari ba ne. Wasu suka ce rugar a hayin rafi take. Rajistar jam'iyya kuwa ruwa ya taɓa ta, rabin sunayen ba ya karantuwa. Malam Sagiru ya gaji, ya share gumi, ya ce shi baƙo ne, amma tun a Rano aka gaya masa akwai mutum ɗaya a nan da maganarsa ba ta buƙatar shaida. Ya tambayi Jabiru ko ya yarda da abin da Kansila zai faɗa. Jabiru ya ce ya yarda.

"Kansila," in ji Malam Sagiru, "waɗannan mutanen 'yan wannan mazaɓar ne?"

Ishiyaku ya sani, kuma shi kaɗai ya sani da tabbaci. Da shi aka zaga da ma'aikatan safiyo bara, da idonsa ya ga inda aka nuna iyaka. Rugar tana ɓangaren Kibiya, da taku arba'in ko ƙasa da haka. Da ya ce e, ba mai sake buɗe baki, Jabiru ma zai miƙo hannu ya yi masa barka. Ramalan ya matso kusa da kunnensa yana roƙo da girman Allah, ya ce kalma ɗaya ce, kuma ba don kujera ba, don shanun bayin Allah da jinin da za a zubar. Ishiyaku ya ji tsoro, tsoro na gaske. Ya dubi Arɗo, har yanzu murmushi yake.

"Ba 'yan nan ba ne. Rugarsu a Kibiya take."

Malam Sagiru ya tafi da kansa, da ladabi, ya roƙi Arɗo su fita daga layi. Dattijon ne ya fara fita. Suka ɗauki sandunansu ɗaya bayan ɗaya, suka ratsa ta tsakiyar mutane, wani mara kunya har da tafi. Aka sake ƙirga, Jabiru ya ci da shida.

Ishiyaku ya taka har wajen tuta ya riƙe hannun Jabiru ya yi masa addu'a. Jabiru ya kasa haɗa ido da shi, ya durƙusa har ƙasa. Malam Sagiru ya ce shekara nawa yana wannan aiki bai taɓa ganin irin wannan ba. Ramalan kuwa a hanyar gida ya zazzage masa kwandon masifa. Ya ce tunda labarin mutumin nan yake so, to ya riƙa ba da shi har ƙarshe: zango ɗaya ya yi, mutanensa suka gaji da gaskiyarsa suka kayar da shi warwas. Ya ce ya yi nadamar ranar da ya naɗo takalmi da mujallar nan. Ishiyaku ya ce ya san ƙarshen labarin tuntuni, a rediyo ya ji. Bara'atu ta zuba masa tuwo, ta zauna kusa da shi har ya ci loma uku.

Washegari da sassafe ya ƙetare rafi. Arɗo ya sa aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo kindirmo a sabuwar ƙwarya, aka gaisa gaisuwa mai tsawo, har da tambayar gona da iyali. Ishiyaku ya ba da haƙuri, ya ce bai san za su zo ba, kuma bai iya ya ce abin da ba haka yake ba. Arɗo ya ce ya sani, don haka ne ma suka sa sababbin riguna suka je bayansa. Ya dubi shanunsa ya ci gaba.

"A nan aka haife ni, Ishiyaku. In na je Kibiya su ce mu na Rano ne. Jiya ce rana ta farko da aka taɓa kafaɗata aka ƙirga ni. Da wani ne ya ce mu fita, da ban ji komai ba."

Idon Ishiyaku ya cika da ƙwalla. Can ya ce zai je wajen Jabiru kan maganar duwatsun, yau ɗin nan, kafin masu gonaki su riga shi, ya roƙi Arɗo su tafi tare. Arɗo ya girgiza kai, ba da fushi ba, ya ce maganar mazaɓa ce, shi kuwa an riga an faɗi inda yake.

Kafin azahar Ishiyaku ya isa ƙofar gidan su Jabiru. An kafa rumfa, an jera bencuna, masu barka da masu buƙata sun cika wuri, uku daga cikinsu masu gonakin bakin burtali ne. Da aka gan shi wasu suka miƙe suna cewa Kansila ya wuce ciki kai tsaye. Ya ce a'a, waɗannan sun riga shi. Ya cire takalmansa ya ajiye a ƙarƙashin benci, ya zauna a ƙarshe, yana ta maimaitawa a ransa yadda zai fara roƙon yaron da aka raɗa wa suna a gabansa.