Gaurakin Bayan Dutsen Roni

Silvanus mai hoto ya daɗe a Kazaure. Hoton biki da na fasfo ke ciyar da shi, amma zuciyarsa tana wurin tsuntsaye. A daminar nan ya gano sheƙar gauraka a wata fadama bayan duwatsun Roni. Ya yi 'yar bukkar ciyawa, ya kwanta a laka sauro na shagali a kansa, har Allah ya ba shi hoton uwa da 'ya'yanta biyu. Daɗi ya ɗebe shi, ya wanke hoton babba ya kafa a ƙofar shago.

Lokacin kuwa kuɗin man fetur sun shigo ƙasa, kowane sabon attajiri a Kano so yake a ga gauraki na taƙama a tsakar gidansa, an karya musu fiffike.

Ranar kasuwa sai ga Lauwali, wanda sana'arsa ke nan, kama tsuntsaye ya kai birni. Ya ƙura wa hoton ido ya ƙi gaba.

"Sannu da aiki, maigida. Dutsen nan na baya kamar na san shi."

Silvanus ya yi wuf ya ce, "Ai can kudu ne, wajen garinmu."

"To, madalla," in ji Lauwali, ya yi murmushi ya wuce.

Silvanus ya sauke hoton ya duba. Ga dutsen nan ɓaro-ɓaro, har da kukar da ke gefensa. Shi da ke cika baki da kaifin ido, bai taɓa lura ba. Matarsa Veronica ta kawo abinci, ya kasa kai loma.

"Baban Julius, tsuntsu ne fa, ba ɗanka ba."

Tsoro ya hana shi zama, ya buga babur ya nufi Roni, duk wanda ya hango da buhu sai ya zaci Lauwali ne. Ya jingine babur, ya kutsa cikin ciyawa, ya leƙa.

Suna nan. Uwar na tsaye, 'ya'yan na tsince-tsince a gindinta. Ya sauke ajiyar zuciya, har ƙwalla ta zo masa.

Sai ya ji an kashe wani babur a bayansa. Lauwali ne, yana kwance kwando.

"Wallahi maigida, duwatsun ƙasar nan duk kamarsu ɗaya. Da ka yi zamanka a shago, da har kaka ina nema."