Wayar da Baba Ya Murɗe

Shekara huɗu rabon Yaya da garejina, sai ga shi ranar nan da safe a motar marigayi Baba, Inna a baya cikin bargo biyu, hancinta kawai ake gani. Ko sallama bai yi ba. Ya fito ya buga ƙofa, ya tsaya yana kallon rufin kwano kamar shi ya zo gaisarwa.

"Inna ce ta ce a kawo," in ji shi. "Ba ni ba."

"Ai na sani. Kai ko wuta ce ta kama ka, ba a nan za ka nemi ruwa ba."

Dukanmu a hannun Baba muka koyi kanikanci. Wata rana na ce wa Baba a gaban masu mota aikinsa ya tsufa. Bayan wata biyu ya rasu ba mu shirya ba, Yaya ya ce baƙin cikina ne ya kashe shi. Tun daga nan ba ma ga maciji.

Na leƙa ta taga na gaishe da Inna. Haƙoranta na haɗuwa ta yi mini bayani. Sau uku a mako ake kai ta wankin ƙoda, tafiyar awa guda, cikin sanyin da ke daskarar da ruwa a bokiti. Saboda haka aka yaye wa motar tamfol bayan shekara huɗu tana kwance. To hitar da ke ɗumama cikin motar ba ta hura komai sai iska mai sanyi ƙalau. Mako uku ke nan. Tari ya kama ta, likita ya ce in ya sauka ƙirji akwai matsala. Na ji raina ya ɓaci.

"Mako uku, Yaya? Kana bakanike?"

"Na duba. Tsufa ne. Ka yi abin da za ka yi, Auta, ƙarfe goma ake jiranmu."

Na ɗaga bonet. Ruwan lagireto a cike yake, babu ɗigo ko ɗaya a ƙasa. Na tayar da injin, na kunna hita. Fanka na juyawa lafiya lau, allurar zafi ta hau zuwa tsakiya ta tsaya inda ya kamata. Ke nan injin na da zafinsa, rowa kawai yake yi. Ita hita ba wani siddabaru ba ce: ɗan ƙaramin lagireto ne a bayan dashbod, tiyo ɗaya ya kai masa ruwan zafi daga injin, ɗaya ya dawo da shi, fanka ta hura. Na zura hannu bayan injin ina laluben tiyon nan biyu.

Sai na ji bakin bututun biyu a buɗe, tsirara. An cire tiyon an haɗa su da juna, ruwan na zagayawa ya koma inda ya fito.

"Ka ji tsufa!" na ce. "Wane jakin ne ya yi wannan? Kai ne?"

Na haska tocila. Ba kilif aka sa ba. Jar waya ce, an zagaya sau uku, an murɗe bakin an lanƙwasa shi ciki don kada ya yanki hannun wani. Mutum ɗaya na sani a duniya mai wannan ɗauri. Baba ya koyi aiki inda rana ke narkar da kwalta, kuma har ya mutu duk motar da ta shigo hannunsa sai ya raba ta da hita, wai mota ba ta son zafi. A kan wannan ɗabi'ar ma na yi masa maganar da ta raba mu.

Na ɗago na kalli Yaya. Idonsa ya yi ja.

"Ka gani tun ranar farko," na ce.

"Na gani. Shi ne aikinsa na ƙarshe. Sai in kwance in kawo maka ka yi dariya? Ka ce da ma ka faɗa?"

"Sai ka bar Inna ta daskare?"

"Na saya mata bargo!"

Na ɗauki filaya. Ya riƙe mini wuyan hannu, riƙon da na san ba na wasa ba ne. Muna tsaye haka, hancinmu kamar ya haɗu, muka ji tagar baya ta sauka. Inna ta yi tari mai tsawo, ta goge baki da gefen bargo.

"Sake shi," ta ce. "Ubanku ya mutu, ba ya jin sanyi. Ni ce da rai."

Ya sake ni. Na kashe injin, muka jira ya huce. Na datse wayar ta faɗi ƙasa. Na sa ruwan famfo ta bakin bututu ɗaya, jan ruwan tsatsa ya yi ta fitowa ta ɗayan har ya koma fari, kuma bai zuba a cikin mota ba, alamar hitar ba ta huje ba. Na mayar da kowane tiyo mazauninsa, na ƙara ruwa, na sake tayar da injin, na bar murfin lagireto a buɗe har kumfar iska ta daina tasowa. Can sai gilashin gaba ya fara washewa daga ƙasa. Inna ta fito da hannu ɗaya daga bargo, ta miƙa shi tsakanin kujeru, ta bar shi nan.

Yaya bai yi godiya ba, ni ma ban jira ba. Ya shiga ya ja mota. Na juya zan tsinci wayar, domin ni ma, gaskiya, ina son ta. Na duba ƙarƙashin benci, na duba cikin kwalbati. Ashe Yaya ya riga ni ɗauka.