Jirgin Kara na Malam Kassimu

Duk faɗin Tsanyawa babu ruwan da zai kai wa jaki wuya in ba da damina ba, amma garin yana da sojan ruwa guda ɗaya, Malam Kassimu, kuma shekara hamsin da 'yan kai ke nan yana cin albarkacin sunan. A zamanin yaƙin basasa ya yi aiki a wani ƙaramin jirgin sintiri mai harba bam ta ƙarƙashin ruwa. Su bakwai ne a jirgin, shida suka dawo. Wanda bai dawo ba shi ne Madu, amininsa, ɗan wani Babarbare mai sayar da kanwa a kasuwar garin.

Madu ya tafi ya bar matarsa da cikin wata bakwai. Cikin nan shi ne Bintu, wadda yanzu take shugabar makarantar firamare, har ta kusa ajiye aiki. Ba ta san uba ba sai a bakin Kassimu, shi ya sa tun tana tatata take ce masa Baba. Shi ya yi mata walicci, shi ya raɗa wa ɗanta na fari suna. Labarin kuwa kowa ya haddace shi: Madu yana tsaye a kan bindigar gaban jirgi, yana ta ɓarin wuta, har harsashi ya same shi a ƙirji.

Bayan an gama yankan dawa Bintu ta shigo gidan, ta durƙusa ta gaishe shi a gindin darbejiya.

"Baba, alfarma na zo nema. Kafin in bar makarantar nan ina so yara su ga jirginku. Ka ƙera min shi ƙarami, da mutanensa, ka sa min babana a wajen bindigarsa."

Ya ce, "Wannan ai ba wani abu ba ne." Bakinsa ne kawai ya faɗa.

Mutumin dai akwai hannu, wannan ba a ƙwace masa ba. Ya zaɓo kara miƙaƙƙe daga gonarsa ta bayan gari, ya fere, ya jera, ya lanƙwasa ƙirjin jirgin ya yi tsini. Ya auna komai da tsinken tsintsiya, taku goma na jirgin gaske ya zama tsinke ɗaya. Gwangwanin madara ya zama ɗakin matuƙi. Bututun biro biyu suka zama wurin harba bam, ɗaya dama ɗaya hagu. Matarsa Furera ta yi ta mitar ya ƙarar mata da reza, ya cika mata tsakar gida da ɓawon kara kamar akurkin kaji.

Da ya zo kan mutanen sai ya je ya tambayi liman, don ba ya son a ce ya tsufa yana sassaƙa gumaka. Liman ya ce ya yi, amma kada ya sa musu fuska. To, madalla. Ya fere su da totuwa, kowanne tsawon ɗan yatsa, ba ido ba hanci. Kyaftin ya samu hula, mai inji ya samu ɗigon baƙin fenti a ciki. Ya yi siffar kansa ma, gajere mai faɗin kafaɗa, ya liƙa a gefen jirgi.

Na bakwai ne ya hana shi sakat. Ya fere shi dogo siriri, yana cikin gyara masa kai sai ya ga rezar ta ja tsaga uku a kumatu, irin tsagar Madu, shi kuma wallahi bai yi niyya ba. Ya ɗiga gam a bayan bindigar, ya ɗauko mutumin, ya kasa ɗora shi. Gam ya bushe. Washegari ya kankare ya sake ɗigawa, ya sake bushewa. Kwana tara ana wannan abu, Madun totuwa yana kwance a aljihun rigarsa.

Furera ta ce, "Malam, wai gam ɗin ne ba shi da kyau ko kuwa?"

"Ke dai yi tankaɗenki."

Ba gam ba ne, kunya ce. Faɗin labarin da baki ya daɗe da zame masa sauƙi, iska ke kwashewa. Amma ya liƙe ƙarya da hannunsa, a sa ta a kan tebur yara su zagaye ta suna kallo shekara da shekaru, wannan ya gagare shi.

Ranar Laraba da hantsi Bintu ta zo ɗauka, don washegari ne bikin makarantar. Ta ga jirgin a kan tabarma, toka-toka, har da tuta. Ta riƙe baki, idonta ya kawo ruwa. Ta bi mutanen da yatsa tana ƙirgawa.

"Baba, shida na gani."

Ya zaro na bakwai ya miƙa mata. Ta ga tsagar, ta yi murmushi, ta kai hannu za ta tsayar da shi a bayan bindigar.

"Ba nan yake ba," in ji Kassimu.

Ta ɗago ta dube shi. Shi kuwa ƙasa yake kallo, yana murza ɓawon kara.

"Ranar da aka zo ɗaukar soja an tambaye mu wa ya iya ruwa. Babanki ya ɗaga hannu, shi da gaskiyarsa, don ya yi shekaru wajen kawunnansa a bakin Tafkin Chadi. Ni ma na ɗaga. Ruwan da na sani kuwa kududdufin bayan gari ne, wanda in na miƙe tsaye iyakarsa cibiya. Ba na so ya tafi ya bar ni, a ce Kassimu ya ji tsoro. Lokacin yaƙi ne, ba wanda ya tsaya gwada mu."

"Ina jin ka."

"Ranar da babanki ya rasu ba a yi harbi ba, Bintu. Ko ɗaya. Rana tsaka ce, muna sintiri, jirgi ya karya kwana, ni kuma ina tsaye a nan inda kika gan ni, ban riƙe komai ba. Na faɗa ruwa. Kafin kowa ya motsa babanki ya biyo ni. Ya kamo ni, yana ce min in saki jikina, ni kuwa na shaƙe shi. Haka ya jawo ni har jikin jirgi. Da na ga igiya..." Ya ajiye ɓawon karan. "Kafaɗarsa na taka na hau. Da ƙafar nan. Ya nutse, ruwa ya ja shi ƙarƙashin jirgi wajen farfela. Da na dawo gida na ga mahaifiyarki tana goye da ke, sai na ce harsashi ne."

Furera ta daina tankaɗe. Bintu ba ta yi kuka ba, shi kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta daɗe tana juya ɗan mutumin a tafin hannunta.

"Inna ta rasu tana yi maka addu'a," ta ce. "Tana cewa kai ka rufe masa ido."



Ta kwance bakin mayafinta, ta ɗaure mahaifinta a ciki. Sannan ta sunkuya kan jirgin, ta sa farce a hankali ta ɓamɓare gajeren nan mai faɗin kafaɗa, ta ajiye shi a kan tabarma kusa da ƙafar Kassimu. Ta rungumi jirgin ta miƙe, bindigar gaba ba kowa a bayanta.

A bakin zaure ta tsaya, ba ta juyo ba.

"An gode da aiki. Sai an jima, Malam Kassimu."

Ya ɗaga kai yana jira ko za ta gyara, ta ce Baba. Sai ƙarar takalminta ya ji tana fita.